Ka tafi da kwanan wata a hannu: yadda ake tono tsohon labari a jaridun laburare

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, sai yaran unguwarmu su fara sallama a ƙofar gida bayan La'asar. Wannan malaminsa ya ce ya kawo abin da jaridu suka rubuta kan haƙar kuza, waccan an ba ta tarihin zaɓen ƙananan hukumomi, wani kuma rikicin manoma da makiyaya aka ɗora masa. Tambayarsu guda ce: "Malam, a ina zan samu?" Kusan dukkansu sun riga sun shafe mako suna latsa waya, amma ba wanda ya taɓa taka sashen jaridu na laburaren makarantarsa. Wasu ma ba su san da shi ba. Saboda su na zauna na rubuta wannan, don in daina maimaita magana ɗaya a kan tabarma, kuma don wanda ba zai iya zuwa ƙofar gidana ba shi ma ya samu.

Ni abin da ya kai ni wurin tsofaffin jaridu ba nisa gare shi ba. Mahaifina yana da shagon atamfa a Babbar Kasuwar Jos, wadda muke kira Taminus, har gobarar watan Fabrairun 2002 ta cinye ta. Ina yaro lokacin, abin da na riƙe shi ne hayaƙi da fuskar Baba da ya dawo gida. Da na kai ajin ƙarshe sai na zaɓi in rubuta kundina a kan inda 'yan kasuwar suka watsu bayan gobarar. Ranar farko da na shiga sashen jaridu na tarar da wani dattijo ma'aikaci yana jera jaridun safiya a kan sanduna. Na gaishe shi, na ce, "Baba, jaridun da suka yi magana a kan kasuwa nake nema." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, na wace shekara? Wane wata?" Na ce ko wanne ma. Sai ya nuna mini bangon da ke bayansa, kundaye manya-manya tun daga ƙasa har kusa da rufi, ya ce, "To ka ga ko wanne nan. Littafi ake nema da suna, jarida da rana ake nemanta. Je ka samo ranar ka dawo."

Wannan shi ne aikin farko, kuma ba a laburare ake yinsa ba. Kafin ka fita daga gida ka ɗauki takarda ka jera ranakun da abin da kake bincike ya faru, ko da kusa-kusa ne. Ka tambayi manya, ka duba littattafai da kundayen waɗanda suka riga ka, ka yi amfani da wayar taka a nan, don nan ne take da amfani. Idan ba ka samu rana ba ka samu wata. Idan watan ma ya gagara, ka nemi abin da ka tabbatar da shi ka jingina: lokacin gwamna wane ne, kafin canjin kuɗi ne ko bayansa, da azumi ne ko da damina. Tsofaffinmu da irin wannan suke riƙe tarihi. Wanda ya ce maka "lokacin muna kashe fam da sule ne" ya riga ya gaya maka kafin 1 ga Janairun 1973 ne, ranar da naira da kwabo suka shigo. Wanda ya ce "shekarar da aka koma tuƙin hannun dama" 1972 yake nufi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya shiga sashen jaridu ba kwanan wata, ƙura kawai zai shaƙa ya fito.

Abu na biyu, ka san wace jarida ce take raye a lokacin da kake nema, don kada ka nemi abin da ba a haifa ba. Na ga ɗalibin da ya zo neman Daily Trust ta zamanin Shagari. Weekly Trust a 1998 ta fara, Daily Trust a 2001, Aminiya kuma a 2006. Leadership ta Abuja 2004 ce. Idan abinka na Jos ne daga 1972 zuwa yau, to uwar ɗakinka ita ce Nigeria Standard, wadda gwamnatin Jihar Binuwai-Filato ta kafa a zamanin Joseph Gomwalk; ita ke ɗauko ƙananan labaran Bukur da Barikin Ladi da Pankshin da jaridun Legas ba sa waiwaya. Idan na Arewa ne baki ɗaya, New Nigerian ta Kaduna ta fara fita 1 ga Janairun 1966, kwana goma sha huɗu kafin juyin mulkin farko, ta gaji Nigerian Citizen da ake bugawa a Zariya tun 1948. Ta Hausa kuwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ce uwa, tun Janairun 1939 a Zariya, Malam Abubakar Imam na editanta. A farko wata-wata take fita, saboda haka kada ka yi tsammanin abin da ya faru yau ka gan shi a ta gobe. A Kano an kafa Triumph a 1980, sai kuma 'yan uwanta na Hausa, Albishir da boko, Alfijir da ajami. Daga Kudu akwai Daily Times tun 1926, West African Pilot ta Azikiwe da ta fara a 1937 amma ta daɗe da daina fita, da Nigerian Tribune ta Awolowo tun 1949. Ka rubuta sunayen uku ko huɗu da suka dace da zamaninka a gefen ranakun nan naka. Da wannan takardar za ka shiga.

Idan ka shiga, kada ka nufi kantocin littattafai. Ka tambayi sashen jaridu da mujallu, wanda ɗalibai ke kira siriyal. Yawanci kashi biyu ne: na yau da na wannan makon suna waje inda kowa ke karantawa, tsofaffin kuma an ɗinke su wata-wata ko wata uku-uku cikin bango mai kauri an ajiye a ɗakin ciki. Waɗannan ba a ba da aronsu, kuma sau da yawa ba kai za ka ɗauko da kanka ba, sai ka cike 'yar takarda da sunan jarida da wata da shekara a ɗauko maka. Ka tambaya ko akwai rajistar abin da suke da shi. Wani wuri littafi ne da aka rubuta da hannu, wani wuri katuna ne a cikin durowa, kuma da wuya ka same shi a kwamfutar da ake neman littattafai. Ka kuma tambaya ko suna da fayil na yankakkun labarai, domin wasu laburaren sun daɗe suna yanke labarai suna tarawa bisa maudu'i: ilimi, noma, siyasa, addini. Idan ka dace da irin wannan fayil, ya rage maka aikin sati biyu. Sai dai ka duba ko mai yankan ya rubuta rana da shafi a jiki, don yankakken labari marar kwanan wata ba ya shiga kundi.

Ina so in daɗe kaɗan a kan ma'aikatan nan, don su ne rabin binciken. Dattijon da na faɗa ya fi kowace rajista sanin abin da ke ɗakin. Ya san watan da ruwa ya jiƙa, ya san shekarar da makaranta ba ta sayi jarida ba saboda yajin aiki, ya san kundin da aka rubuta wa shekara ba daidai ba a ƙeya. Ka gaishe su gaisuwa ta mutunci, ka faɗi aikinka a jimla biyu, ka nuna takardar ranakunka. Kada ka tsaya musu a ka lokacin da suke shirin tashi. Ni da na yi mako ina zuwa da safe, ina mayar da kundi yadda na karɓa, wata rana ina isowa na tarar ya riga ya ajiye mini na watan Maris a kan teburi, ya ce, "Ka gama da Fabrairu jiya, na san nan za ka nufa." Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambayar.

To ga kundi a gabanka. Yana da nauyi, ka shimfiɗa shi kwance a kan babban teburi, kada ka jingina shi a gwiwa. Takardar jarida ba a yi ta don ta daɗe ba. Bayan shekara ashirin sai ta koma ruwan ƙasa, gefenta ya riƙa karyewa kamar busasshen ganye, balle a iskar Jos ta hunturu. Ka wanke hannu ka busar. Kada ka lashi yatsa don buɗe shafi. Ka ɗaga daga kusurwar sama, ka sa tafin ɗaya hannun a ƙarƙashi ka raka shafin har ya kwanta. Fensir za ka riƙe, ba biro ba. Idan kana da asma ko ƙura na tayar maka da mura, ka sa takunkumi. Ka zo da rigar sanyi ma, ɗakunan nan na ciki rana ba ta shigarsu.

Kada ka fara daga ranar da abin ya faru. Jaridar ranar an buga ta tun daren jiya, ba ta san komai ba. Ka fara daga washegari, kuma idan abin da dare ya faru, mai yiwuwa sai jibi zai fito. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba game da jaridun Legas na da: sukan yi bugu biyu, na farko da wuri don motoci su kama hanyar Arewa da Gabas, na biyu kuma cikin dare don Legas da kewaye. Saboda haka kwafin da ya iso Jos na iya rasa labarin da kwafin Legas na rana ɗaya yake ɗauke da shi, ko ka same shi a wani shafi dabam. Idan wani littafi ya ce labari na shafi kaza kai kuma ba ka gan shi ba, kada ka yi saurin cewa marubucin ƙarya ya yi. Ka duba ta washegari.

Daga nan ka bi kwana bakwai a jere, shafi bayan shafi, ba shafin farko kaɗai ba. Labarin ranar farko shi ne mafi zafi kuma shi ne mafi yawan kuskure: wakili ya iso a guje, ya ji daga bakin wanda ya ji. A kwana na uku zuwa na biyar ne hukuma ke magana, ƙungiyoyi su fitar da sanarwa, masu sharhi su fara rubutu. Bayan makon farko sai ka riƙa tsallake: ƙarshen wata, lokacin da aka kafa kwamitin bincike, lokacin da ya miƙa rahoto, lokacin gabatar da kasafin kuɗi, da ranar da abin ya cika shekara. Ni abin da ya fi yi mini amfani a kan 'yan kasuwar Taminus ba a watan gobarar na same shi ba, a shekarun baya ne, duk lokacin da aka tayar da maganar masu kasa kaya a bakin titin Ahmadu Bello ko maganar sake gina kasuwar.

Kuma don Allah kada ka raina shafukan ciki. Wasiƙun masu karatu suna gaya maka abin da talaka mai ilimi yake ji a lokacin. Talla na gaya maka farashi da kayan da ake yayi. Sanarwar neman 'yan kwangila na gaya maka abin da gwamnati ta yi niyyar ginawa da ranar da ta yi niyyar. Sanarwar rasuwa da ta taya murna suna nuna maka wa ke tare da wa. Zanen barkwanci kan faɗi abin da edita ba zai iya rubutawa da sunansa ba. A irin waɗannan shafuka na ga ƙananan sanarwoyi na shagunan da suka canza wuri, kuma da su na fara zana taswirar inda mutane suka koma. Mai neman tarihin kuza ma haka: tallan neman ma'aikata da sanarwar gwanjon kayan kamfani sun fi dogon jawabin minista bayyana lokacin da harkar ta fara durƙushewa.

Yanzu ɗaukar hoto, inda yawancin ɗalibai ke yi wa kansu ɓarna. Ka nemi izini tukuna, don wani wuri ana biyan wani abu, wani wuri kuma an hana. Idan an yarda, ka kashe fitilar kyamara, kuma kowane labari ka yi masa hoto uku a jere: na farko saman shafin farko inda sunan jarida da kwanan wata suke, na biyu shafin da labarin yake gaba ɗayansa har lambar shafi ta fito, na uku labarin kansa daga kusa yadda zai karantu. Idan an ce ci gaba a shafi kaza, ka bi shi nan take. Sannan ka rubuta a littafinka, da hannu, kafin ka juya shafi: sunan jarida, rana da wata da shekara, lambar shafi, kanun labari yadda yake harafi da harafi, da sunan wanda ya rubuta in akwai. Waɗannan biyar su ne duk abin da malaminka zai nema a jerin manazarta, ko da wane salo sashenku yake bi. Na taɓa rasa kwana uku ina neman ranar wani labari da na ɗauka daga kusa kawai, da na koma kuma kundin yana wurin masu gyaran bango. Labarin bai shiga aikina ba. Da dare ka sauke hotunan a kwamfuta ko ka tura wa kanka ta imel, ka sa wa kowanne suna da shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai sunan jarida da shafi. Da haka za su jera kansu.

Za ka ci karo da giɓi, wannan babu makawa. Wata guda babu, ko ka buɗe daidai shafin da kake nema ka tarar wani ya sa reza ya yanke. Ranar da hakan ta fara faruwa da ni sai da na ji kamar in yi kuka, domin wanda ya yanke ba ni kaɗai ya cuta ba, ya cuci duk wanda zai zo har abada. Ka nuna wa ma'aikaci ya rubuta, kai ma ka rubuta a littafinka cewa bugun rana kaza babu shi a nan. Mu mutanen Jos mun san takarda ba ta da tabbas: gobarar da ta kama ginin laburaren Jami'ar Jos na Naraguta a watan Oktoban 2016 ta isa darasi. Saboda haka kada ka dogara da wuri ɗaya.

Inda za ka nufa idan na makarantarku ya gaza: Laburaren Ƙasa yana da reshe a nan Jos, hedikwatarsa kuma tana Abuja, kuma dokar 1970 ta wajabta wa masu buga littattafai da jaridu su kai masa kwafi, ko da yake ba kowa ke cikawa ba. Ita kanta Nigeria Standard ofishinta na cikin gari, kuma gidajen jarida kan ajiye nasu kundayen. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da ɗakin karatu. Idan abinka ya shafi zamanin Turawa ko Jamhuriya ta Farko, to sai Kaduna: Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, inda fayilolin Lardin Filato ke ɗauke da alamar JOSPROF. Daga can Zariya ba nisa, Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello. Kafin ka hau mota ka karɓi takardar gabatarwa daga shugaban sashenku mai ɗauke da hatimi, ka riƙe katin makaranta, kuma ka sa wani da ke garin ya leƙa ya tambayo maka ko shekarar da kake nema tana nan. Wasu tsofaffin jaridun a kan maikurofim suke, wato hotonsu a ɗan siririn fim da ake saka wa na'ura a karanta a allo; ka tambaya ko na'urar na aiki kafin ka kashe kuɗin mota.

Sai maganar intanet, wadda ban raina ba, amma ina so a san iyakarta. Yawancin abin da jaridunmu suka buga kafin shekarar 2000 ba ya kan intanet, wanda aka sa bayan nan ma da yawa ya ɓace lokacin da suka sauya shafukansu. Duk da haka ka je sashen kwamfuta na laburarenku ka tambayi rumbunan da makaranta ke biya wa kuɗi, da sunan shiga da kalmar sirri; wasu ba sa buɗewa sai a kan intanet ɗin makaranta. JSTOR ba jarida ba ce, amma maƙalun da ke ciki kan ambaci jarida da rana da shafi a ƙasan shafinsu, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta cike takardar ranakunka. AllAfrica na tara labaran jaridun Najeriya tun ƙarshen shekarun 1990. Archivi.ng wasu matasa ne da suka duƙufa ɗaukar hoton tsofaffin jaridun ƙasar nan suna sakawa kyauta. Ba su kai ga komai ba tukuna, amma ka gwada. Idan adireshin labari ya mutu, ka kwafe shi ka liƙa a web.archive.org, sau da yawa za ka samu tsohon hotonsa.

A Google kuma akwai dabaru uku da suka ishe ka. Ka sa jimla tsakanin alamun zance don ya nemo ta yadda take. Ka rubuta site: haɗe da adireshin jarida, misali site:dailytrust.com, sannan kalmarka, don ya tsaya a jaridar kaɗai. Ka ƙara before: ko after: da shekara don ka yanke zamani. Kuma ka nemi abu da sunan da ake kiransa a lokacin. Yankinmu na Jos kafin 1967 Lardin Filato ne, daga 1967 zuwa 1976 Binuwai-Filato, sannan Filato. Lafiya da Keffi da Akwanga kuwa suna cikin Jihar Filato daga 1976 har 1996 da aka yanke Nasarawa. A Hausa ka gwada kalma da lanƙwasa da kuma babu, ƙasa da kasa, domin jaridu da yawa ba sa sa ƙugiya. Ka gwada Najeriya da Nijeriya, Filato da Plateau. A tsohuwar Gaskiya, Legas Ikko ce, hukumar gargajiya En'e ce.

Gargaɗi guda a nan: hoton shafin jarida da aka turo maka a WhatsApp ba hujja ba ne sai ka ga asalinsa, don haɗa na bogi ba ya ɗaukar minti goma. Haka manhajojin nan masu amsa tambaya. Za su iya ba ka sunan jarida da rana da shafi tsaf, ka je ka buɗe kundi ka tarar babu. Duk abin da idonka bai gani ba kada ya shiga kundinka.

Na bar abin da ya fi muhimmanci zuwa nan, wato yadda za ka karanta abin da ka samo. An buga a jarida ba ya nufin haka aka yi. Yana nufin haka wannan jaridar ta faɗa a wannan ranar. Tambayar farko: ta wa ce? Nigeria Standard ta gwamnatin jiha ce. New Nigerian da Daily Times gwamnatin tarayya ta karɓi ragamarsu a 1975. Pilot da Tribune na 'yan siyasa ne masu jam'iyya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ba ya sa ka yar da su, yana sa ka san inda kowacce za ta yi ƙarfi da inda za ta yi shiru. Shirun ma abin rubutawa ne. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na Guardian saboda labarin da suka buga. Duk editan da ya ga haka zai auna kalmominsa, kai ma ka auna su da ka zo karantawa.

Tambaya ta biyu: daga ina labarin ya fito? Ka duba ƙarshensa ko farkonsa. Idan ka ga NAN, wato Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, a jaridu biyar, to ba shaidu biyar gare ka ba, shaida ɗaya ce aka buga sau biyar. Haka idan duk sun kwafi sanarwar kakakin gwamnati. Ka fi ba da nauyi ga wakilin da ya ce daga Jos yake rubutu, ya ambaci unguwa, ya yi magana da mutane. Ka kuma bambanta labari da sharhin edita da ra'ayin marubuci da tallan da aka yi wa kwalliya kamar labari. Duk ana amfani da su, amma ba a matsayi ɗaya ba.

Mu a garin nan wannan ba maganar aji kaɗai ba ce. Wanda zai rubuta a kan rikicin 7 ga Satumban 2001, ko na Nuwamban 2008, ko na Janairun 2010, zai tarar jaridu sun sha bamban a kan adadi, a kan mafari, har a kan sunan da suke kiran mutane da shi. Kada ka zaɓi wadda ta yi daidai da abin da aka gaya maka a gida ka bar sauran. Ka jera su gefe da gefe a teburi ɗaya: ta Jos, ta Kaduna ko Abuja, ta Legas, da ta Hausa in akwai. Ka rubuta wa ya ce me, ranar yaushe, daga bakin wa. Inda suka saɓa ka ce sun saɓa. Sannan ka nemi rahotannin kwamitocin bincike ka gwada. Abokin karatunka da ke zaune a wancan gefen gari zai iya karanta kundin nan wata rana, ka rubuta abin da za ka iya karewa a gabansa.

Da ka gama da takarda, ka koma wurin mutane da ita a hannu. Na buga hotunan wasu shafuka na kai wa Baba da abokansa biyu da suke zama a ƙofar shago bayan Azahar. Da ina tambayarsu baki da baki, amsar ba ta wuce "ai an sha wahala" ba. Da na shimfiɗa musu shafin, sai ɗaya ya sa tabarau ya ɗora yatsa a kan hoto ya ce, "Nan layinmu ne, ga matakalar da muke hawa da kaya." Daga nan suka yi awa biyu suna magana, suna gyara wa jaridar sunan layi, suna tuna wanda ya koma Bauchi da wanda ya bar kasuwanci gaba ɗaya. Ka nemi izininsu kafin ka kunna rikoda, ka tambaya ko sun yarda a sa sunansu, kuma ka rubuta ranar hirar da wurin da aka yi ta a littafin nan naka, a ƙarƙashin ranakun jaridun.